Batir ɗaya maimakon biyu: daga Madawa zuwa Keita a motar Kawu

A yankin Adar na Nijar kasuwa ba ta zama wuri ɗaya. Yau tana ci a wannan gari, gobe ta koma wancan, kuma akwai mutanen da sana'arsu ke nan, binta duk inda ta nufa. Ƙanen mahaifiyata yana cikinsu. Motarsa tsohuwar Toyota Hiace ce da aka cire wa kujerun baya, aka girke firiji mai murfi a sama, aka kafa allon katako mai ramukan caji fiye da hamsin, aka ɗaura lasifika a gefe. A bisa rufin maƙeri ya yi masa gadon ƙarfe da ke riƙe da farantan sola biyu. Tabarmarsa da buta da kayan shayi suna ƙarƙashin allon. Shago ce da rana, ɗakin kwana da dare. Abin da yake sayarwa kala uku ne: sanyi, caji da kiɗa. Ruwan leda da ƙanƙara da lemun tsamiya, cajin salula ga mutanen ƙauye, da zuba waƙoƙi ko wa'azi a ɗan katin waya.

Sana'ar tana ci ne saboda wayar kamfanin wuta NIGELEC ta tsaya a manyan garuruwa, ƙauyuka da yawa kuwa sai dai su hango turakunta daga nesa. Ko inda ta kai, ba a cika ba ta amana ba. Waɗanda suka ga watan Agustan 2023 ba su manta ba: bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar da take turowa, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da Nijar ke sha, ba a maido ta ba sai a watan Maris na 2024. Ga tashar sola ta Malbaza nan kusa, mai megawat 7, da aka buɗe a 2018, amma ita babban layi take ciyarwa, kuma rana na faɗuwa ta yi shiru. Wanda ke son wuta da dare a ƙauye, dole ya tara ta da rana. Nan batir ya shigo, kuma nan kuɗin Kawu ke zurarewa.

Batir biyu na dalma yake ɗauke da su, kowane bolt 12, ampa 200. Ba su taɓa yi masa shekara biyu cikakku ba. Damina ɗaya, bazara ɗaya, sai su fara kasawa kafin asuba, ƙanƙara ta narke, ya wayi gari da ruwa a firiji. Ɗansa da ke ci-rani a Abijan ya gaji da aiko kuɗin batir, sai ya aiko da masu kauri sau ɗaya, da sharaɗin a sayi na litiyom. Ni kuma da yake kimiyya nake koyarwa a Maraɗi, aka ce in zo in tsaya a kai. Hutun makaranta ne, cikin Afrilu, na hau mota na sauka Madawa.

Madawa a wannan lokaci warin albasa take yi. An kwashe ta daga lambunan kwarin Tarka, buhuna jibge a bakin gudro, manyan motoci suna lodi zuwa Kwatano da Abijan da Akara. Wanda ke da hali ya zuba tasa a rudu yana jiran tsada, wanda bashi ya ci masa tuwo a ƙwarya ya sayar yanzu. Shagon mai gyaran batir da za mu je yana bayan tasha, rumfar kwano ce da tarin matattun batura a ƙofa. Sabon batirin yana cikin kwalinsa, an kawo shi daga Kano ta Ƙonni.

Yara biyu ne suka ciccibo tsohon batir guda daga motar, suna nishi, suka dire shi a ƙasa. Irinsa yakan kai kilo 55 zuwa 60. Sai mai gyaran ya kama sabon da hannu ɗaya ya miƙa wa Kawu. Kawu ya karɓa, ya jinjina shi, fuskarsa ta canza.

"Mushe, wanga ba kome cikinai. An cuce mu."

Haka yake kirana idan yana son tsokana. Na ce, "Kawu, a yi haƙuri a auna tukuna."

Muka aro sikelin mai albasa, ya nuna kilo 22 da ƴan kai. Daidai ke nan ga batirin litiyom mai bolt 12.8 da ampa 200. Da ya nuna kilo goma, da mun mayar da shi, domin kasuwar cike take da na jabu: kwali mai kyau, rubutu mai ƙyalli, ciki kuwa tsofaffin ƙwayoyin da aka ciro daga wani wuri. Har wanda aka cika wa ciki da yashi don ya yi nauyi ana ba da labari. Sikeli kaɗai ba ya isa shaida. Sai da muka cika shi taf da rana, muka ɗora masa fitilun da muka san abin da suke ci, muka bar su har ya yanke da kansa, muka lissafa awoyin. Ya ba da kusan abin da aka rubuta a jikinsa. A nan ne mai gyaran ya ce a biya kuɗi.

Lissafin da na yi wa Kawu a bayan kwali mai sauƙi ne. Baturansa biyu, a rubuce, suna ɗauke da wat-awa 4,800. Amma batirin dalma kamar randa ce da aka hana ka shan rabinta na ƙasa: in ka saba zuƙe shi ƙasa da rabi, farantan cikinsa su yi ɓawon gishiri, ya mutu da wuri. Abin da ke nasa na halak 2,400 ne kawai. Kawu kuwa kullum sai ya tatse su tas, ga zafi, kuma masana batir sun daɗe da sanin cewa duk ƙarin zafi na kusan digiri 10 a kan 25 yana rage rayuwar na dalma da rabi. A Adar ana wuce 40 a inuwa cikin Afrilu da Mayu. Sabon yana ɗauke da 2,560, kuma za a iya shan fiye da 2,000 a ciki kowace rana ba tare da ya ji jiki ba. Masu ƙera shi suna alƙawarin cikawa da juyewa sau dubbai, na dalma kuwa ɗaruruwa ne. Nauyin da mota ta huta da shi ya kusa kilo ɗari, buhun gero guda ke nan da ake ta hawa da shi tudu shekara da shekaru.

Batirin dalma tsohon hannu ne, tun 1859 Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro shi. Na litiyom sai 1991 kamfanin Sony ya fitar da shi kasuwa, kuma a 2019 aka ba mutum uku da suka share masa hanya kyautar Nobel. Ɗayansu, John Goodenough, a ɗakin bincikensa na jami'ar Texas ne aka fito da irin wanda Kawu ya saya, mai haɗin ƙarfe da fosfat, wanda ake rubuta wa LiFePO4 a jiki. Ya fi irin na cikin waya nauyi kaɗan, amma ya fi shi jure zafi, kuma ba ya saurin kama wuta. Ga motar da ke wuni a rana kuma mutum ke kwana cikinta, ba zan yarda a sa wani iri ba.

Rigimar ta taso ne da mai gyaran ya ce batir kaɗai ba ya isa. Na'urar da ke daidaita cajin sola, regilatan da Kawu ke amfani da shi, na dalma ne zalla. Lokaci-lokaci yakan ɗaga wuta sama da bolt 15 don ya wanke farantan dalma, abin da na litiyom ba ya so sam. Shi a tsaya masa tsakanin 14.2 da 14.6 a ƙyale shi. Dole a sake regilata. Na biyu, wayar da Kawu ya ja daga dinamon mota kai tsaye zuwa batura don su riƙa shan caji a hanya, ita ma sai an cire. Batirin dalma yana shan wuta a hankali, yana ƙoshi yana ragewa. Na litiyom in yana jin yunwa duk abin da aka ba shi zai zuƙa, har dinamon ya yi zafi ya ƙone, musamman in mota na tafiyar hawainiya a hanyar dutse. Sai an sa wata ƴar na'ura a tsakani da ke ƙayyade masa rabo. Na uku, wayoyi masu kauri da fis a bakin batir.

Kawu ya cire hula ya mayar. "To ni batir na zo saye ko mota?"

Mai gyaran bai ɗaga kai daga abin da yake yi ba. "Alhaji, ka ga dama in haɗa maka haka nan. Amma ran da dinamo ya tashi tsakanin Buza da Keita, kada ka kira ni."

Aka saya. Kuɗin Abijan suka ƙare, Kawu ya cika da na jarinsa, yana ta faɗin abin da zai gaya wa yaron in ya dawo da damina.

Mun bar Madawa da hantsi muka nufi arewa. Ba a jima da barin korayen lambuna ba ƙasa ta fara tashi, ta koma ja da baƙi, tudu mai faɗi shimfiɗe da tsakuwa, nan da can ƙoramu sun tsaga shi. Mota sai rawa take, karen motar yana riƙe da murfin firiji da ƙafa. Rumbunan Adar na ƙasa, masu ciki kamar tulu, suna tsaye a gefen kowane ƙauye, wasu sun fi ɗakunan masu su girma. Jakai da jarkoki masu ruwan ɗorawa sun yi layi zuwa rijiya. A wani ƙauye mun wuce famfon sola da tankinsa a sama, shi ba ya buƙatar batir, tankin ne ma'ajinsa.

Gab da azahar, muna hango Buza a kan tudunta, karen motar ya ce allon regilata ya daina nuna caji. Rana tsaka, farantai a buɗe, amma ba abin da ke shiga. Kawu bai ce uffan ba, ya dai kalle ni ta madubi. Muka tsaya ƙarƙashin wata adduwa. Na sa hannu a jikin batirin, na janye. Yaran shagon sun ɗaure shi inda tsofaffin suke, bayan kujerar direba, a Hiace kuwa injin yana ƙarƙashin kujerun gaba ne. Na dalma sun shekara suna gasuwa a wurin ba su yi magana ba, suna dai mutuwa a hankali. Shi wannan yana da ɗan allon tsaro a cikinsa, BMS, da ke lura da zafi da ƙarfin kowace ƙwaya daga cikin huɗun da aka jera. Da ya ji zafi ya wuce ƙa'ida sai ya rufe ƙofar caji. Muka kwance shi, muka kai shi can baya, muka ɗora shi a kan katako yadda iska za ta ratsa ƙarƙashinsa, muka zare gilashin taga ɗaya aka ɗaura buhun algarara a madadinsa. Kafin mu gama sallah mu sha fura, lambobi sun dawo kan allo.

"Ashe yana da rai," in ji Kawu. "Wanga ya fi ni son inuwa."

Buza ba ta riƙe mu ba sai na kwana. Gari ne na ma'aikata da ƴan kasuwa, akwai wuta, saboda haka ba wurin cinikin Kawu ba ne. Washegari muka gangara kwarin Majiya. Wanda bai san labarin wurin ba zai yi mamakin layukan bedi dogaye, bibbiyu, suna ratsa gonaki daga wannan gefe zuwa wancan, tsakanin layi da layi kamar mita ɗari. Tun 1975 aka fara dasa su, da hannun mutanen kwarin da ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE, bayan farin da ya gabata ya bar iska tana kwashe ƙasa tana binne shuka. Yau sun yi ɗaruruwan kilomita in aka haɗa tsawonsu. A ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu, a bakin wata kasuwar ƙauye, muka kafa shago, motar a inuwa, farantan a rana, abin da sai da aka yi ta gaba da baya kafin ya daidaita.

Ciniki ya buɗe tun kafin a gama sauke kaya. Kowa ya miƙo waya a manna mata ƴar takarda mai lamba, a ba shi irinta. Yawanci ƙananan wayoyi ne masu tocila, sai manyan na matan da mazansu ke Libiya ko Kamaru ko Legas, waɗanda ke jiran saƙon murya a WhatsApp. Wata tsohuwa ta kwance tata daga bakin zane, ta ce wa karen motar, "Ɗana, ka cika min ita sosai, jikana zai kira daren Juma'a." Waya ba ta cin wuta, ko babba ba ta wuce wat-awa 15 zuwa 20 ba. Firiji ne sarkin ci, ga shi ana buɗe shi kowane minti. Da dare, bayan kasuwa ta watse, Kawu ya kasa barci. Ina jinsa yana tashi yana haska allo. Da asuba ya fasa ƙanƙara guda da bayan wuƙa, ta yi ƙara, ya miƙo mini ɓari ba tare da ya ce kome ba.

Abokan sana'arsa sun zo kallo, kuma hirar da aka yi a kan shayi ita ta fi tsaya mini a rai cikin tafiyar duka. Na zo da lissafina na malamin makaranta: in ka raba kuɗin batir da shekarun da zai yi, na litiyom ya fi araha nesa ba kusa ba. Wani dattijo mai injin cajin waya ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, duk mun ji. Amma wa zai ba ni kuɗin shekara takwas yau? Ni na wata shida nake gani." Ya ce na dalma ko na hannu ne zai saya, ya biya rabi, ya cika bayan kasuwa uku. In ya raunana a ƙara masa ruwa a lallaɓa. In ya mutu, ƴan gwangwan su saye shi da kilo, kuɗin su zama kafin alƙalamin wani. Wani kuma ya ce abin da ke tsorata shi allon nan ne na ciki: in ya lalace a Tabotaki ko Allakai, wa ya iya buɗe shi? Takardar garanti tana Kano, iyaka kuma yau a buɗe gobe a rufe.

Ban ga inda suka yi kuskure ba. Masu zuwa daga birni suna yawan ɗaukar cewa rashin sani ne ke hana mutanen karkara karɓar sabon abu. Waɗannan mutane sun fi ni sanin batir, da shi suke ci. Abin da ya raba Kawu da su ɗa ne a Abijan da ya iya tara kuɗi dunƙule. Kamfanonin da ke sayar da ƙananan fitilun sola biya-kaɗan-kaɗan ta waya sun gane wannan tuni, kuma yawancin fitilun nan litiyom ne a cikinsu, har a bukkar da ba a taɓa jin sunansa ba. Babban batir na sana'a ne har yanzu ba mai bayarwa bashi. Ran da wani asusu ko ƙungiyar ƴan kasuwa ta fara, kuma aka koya wa masu gyara na Madawa da Buza canza allon tsaro, ina ganin na dalma zai koma aikin tayar da mota kawai.

Daga Majiya zuwa Keita hanya ta sake hawa dutse. A gangaren tuddai ana ganin layukan duwatsu da ramuka jere-jere, da itatuwan ƙaya da suka kama a inda da ƙasa ce tsirara. Aikin Keita ke nan, wanda aka fara a 1984 da kuɗin Italiya da hannun FAO, aka dasa miliyoyin itatuwa, aka yi madatsun ruwa, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun a ka, ana biyansu da abinci, domin maza sun tafi ci-rani. Kawu ya ce mahaifiyar matarsa ta yi wannan aiki, har ta rasu tana kiran wani tudu da "namu". Motar ta hau gangaren da a da sai an sauke karen mota ya bi ta da dutse a hannu. Kawu ya ce sauƙin nauyi ne, ni kuma ina zargin rabin ƙanƙarar da aka sayar.

Tsofaffin baturan bai bar su a Madawa ba gaba ɗaya. Ɗaya mai gyaran ya karɓa a rage kuɗin aiki, ɗayan kuwa, mai ɗan sauran numfashi, tun a Buza aka ɗora shi a motar wani zuwa Keita, inda Kawu ya yi wa wani mai shayi alƙawarinsa. Zai kunna ƙwai biyu da rediyo na wasu watanni. Daga nan sai hannun ƴan gwangwan, kuma wannan ne ɓangaren da ba na so. Na ga yadda ake yi: a fasa da gatari, a tuttular da ruwan a ƙasa inda awaki ke kiwo, a tara farantan a buhu, wani lokaci a narka su a tukunya a bayan gida. Dalma guba ce da ba ta fita jiki da sauƙi, kuma yara take fara kamawa. A unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar, tsakanin 2007 da 2008, yara 18 suka mutu saboda ƙurar irin wannan sana'a. Na litiyom ba shi da dalma, amma shi kuma in ya mutu ba mai saye, domin ba abin da ɗan gwangwan zai narka ya samu kuɗi. Ana haƙo ma'adinin litiyom a Nasarawa ta Najeriya, a Mali ma an buɗe mahaƙar Gulamina a ƙarshen 2024, ana loda shi zuwa Sin, ya dawo mana cikin kwali. Hanyar komawarsa ce ba a shata ba, kuma nan da shekara goma za a ga tarinsu a ƙofar shaguna irin na bayan tashar Madawa.

Mai shayin ya sa gwajinsa a kan batirin, ya ce ai wannan gawa ce. Kawu ya ce gawar da ta fi mai rai na gidanku. Suka yi ta ja har aka kira la'asar, aka tsaya a kan kuɗi kaɗan da shayin Kawu kyauta duk ranar kasuwa har kaka. Ni motar Tawa nake jira, ta Tamaske, don in kama ta Maraɗi da safe. Kawu ya sa karen mota ya cika mini jarka da ruwan sanyi, sannan ya ce in na isa in kira yaron nan na Abijan in gaya masa batir ya yi, amma kada in ambaci cewa akwai wurin na biyu a bayan firiji, shi zai faɗa masa da bakinsa bayan Sallah.